Ɗigo Ɗari da Ashirin a Farin Gada

Sati uku ina sammako zuwa Farin Gada,
rigar sanyi biyu a jiki, takardun tambaya a leda,
ina ratsa kwandunan tumatir:
Awa nawa ka yi barci jiya?
Daga ɗaya zuwa goma, ina damuwarka ta tsaya?

Wani ya ce, 'Yata, damuwa ba a mudu ake auna ta ba.
Wata ta ce, Rubuta goma, ki ƙara ɗaya gyara.
Na rubuta abin da ya rubutu.
Mutum ɗari da ashirin,
kowa na mai da shi ɗigo guda a takarda.

Da dare a ɗakinmu na Naraguta, an ɗauke wuta,
na kafa fitilar waya a bakin kofi,
na shimfiɗa barci a kwance, na tsai da damuwa a tsaye.
Sai ga ɗigogin sun kama sahu
kamar awaki masu gangarowa daga duwatsun Shere:
inda barci ya ƙaranta, damuwa ta haye tudu,
inda ya yalwata, ta sauko kwari.
Na ja layi a tsakiyarsu, hannuna na rawa.
Na ce, na kama ɓarawo,
rashin barci ne uban damuwa.

Dakta Kachollom ta gyara zaman tabarau.
Ta ce, Lissafinki daidai, layinki ba karkata.
Amma in kin ga mutum biyu a Taminus
kullum kafaɗa da kafaɗa, ƙarfe bakwai,
wa ya ce miki ɗaya ne ya jawo ɗaya?
Wataƙila mota guda ke sauke su.
Ta juya takardar ta fuskance ni:
Karanta ta nan. Ko damuwar ce ke korar barcin?

Na duba. Layin bai motsa ba.
Ya yarda da ni, ya yarda da ita,
kamar maƙwabcin da ya ji hayaniya ta katanga
bai ga wanda ya fara duka ba.

Na ce, To mu gwada mana.
Ta ce, Wa za ki hana barci wata guda
don ki cika babi na huɗu?

Na koma kasuwa neman ɗigo na arba'in da bakwai.
Sunansa Malam Tanimu, hularsa ta koɗe a goshi.
Ya ce, Taki na ɗauka bashi a Maris.
Motar Legas ta lalace bayan Lokoja,
kwando sittin suka zama ruwa a hanya.
Mai kuɗin yana zuwa ran Juma'a.
Ba barci ne ya guje ni ya bar mini damuwa ba,
su biyun mutum ɗaya ya aiko su.

Bashi.
Shafi huɗu na tambayoyi, ban ba shi ko layi ba,
ga shi zaune tsakanin ɗigogina
yana kaɗa su kamar makiyayi.

Akwai kuma Ladi mai kabeji,
barcinta awa huɗu, dariyarta har bakin titi.
Ɗigonta na can gefe shi kaɗai, ya ƙi sahu.
Na so in goge shi.
Ta ce, Jikoki tagwaye aka kawo mini, ina zan ga barci?
Na bar shi inda yake.

Ruwa ba ya tsami banza, na sani.
Layina ya ɗanɗana, ya tabbatar da tsamin,
abin da aka jiƙa a ciki ne bai gani ba.
Duk da haka ban raina shi ba:
faɗa mini barcin mutum a kasuwar nan,
zan kusa cankar nauyin da ke ƙirjinsa,
in san rumfar da zan fara leƙawa.

A babin ƙarshe na soke "yana haifar da",
na rubuta "suna tafiya tare".
Kalma uku, sun ci mini wata biyu.

Ran da na je sallama, Malam Tanimu
ya zaɓo tumatir uku masu tauri ya sa mini a leda.
Juma'a ce. Ban tambaye shi awa nawa ba.